Ranar da Goggo Ta Ƙi Shafa Man

Ƙarfe shida da rabi na safe take shiga gidan talabijin, masu shara ba su gama goge baranda ba. Ɗakinta yana ƙarshen lungu, dab da situdiyo, ba taga, sai madubi uku da kujera mai juyawa wadda ke kuka duk wanda ya zauna. Ta dafa ruwa, ta wanke matajai da kibiyoyin kitso, ta jera su a kan tawul, sannan ta zauna jiran kawunan mutane. Shekara ashirin da tara ke nan. Ba a taɓa rubuta sunanta a ƙarshen shiri ba. Daga mai gadi har Darakta, Goggo kowa ke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ba ta ɓoye cewa ita ma ta daɗe tana shafa wa mata man miƙar da gashi. Haka ta tarar ana yi: gashi mai murɗewa ba ya zuwa gaban kyamara, ko a miƙar da shi, ko a danne shi da hular gashi. Kanta ma ta shafa wa, har gaban goshinta ya zube bai sake tsirowa ba. In aka tsokane ta sai ta ce, "Ni da goshina na yi karatun nan."

Abin da ya sa ake ba da labarinta ya faru shekara huɗu da suka wuce, wata Talata. Akwai shirin mata na ƙarfe goma, kai tsaye, wanda wani kamfanin man gashi ke ɗaukar nauyinsa. Mai gabatarwa ita ce ƙarama a ma'aikata, shi ya sa ake kiranta Auta. Kamfanin ya fito da sabon mai, yana so a ga Auta ba hula, da gashinta miƙaƙƙe yana sheƙi. Darakta da kansa ya kawo gwangwanin, ya dire a gaban madubi, ya ce wakilin kamfanin yana ofishinsa.

Ƙarfe tara Auta ta zauna. Goggo ta ɗaga hular a hankali, sai ta ji yarinyar ta ja numfashi ta haƙora. Gashin yana nan, cike, baƙi, a nannaɗe kamar an murza shi da yatsa. Amma gefen goshi da ƙeya duk gyambo ne, inda gam ɗin hula ya ci fata. Wani wurin ya yi ɓawo, wani yana ruwa.

"Tun yaushe?" in ji Goggo.

"Sati uku. Shi ya sa nake sa hular a gida kafin in zo."

Goggo ta dubi gwangwanin. Ta san abin da man nan ke yi wa lafiyayyar fata, balle buɗaɗɗen ciwo. Ta tura shi gefe.

"Goggo, don Allah ki shafa," Auta ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Zan daure. Wata shida kawai na yi a shirin nan, kin san mutum nawa ke jira in yi tuntuɓe."

"Na sani, ɗiyata. Amma hannuna ba zai yi ba."

Labari bai wuce minti biyar ba ya kai sama. Darakta ya shigo bai yi sallama ba, furodusa a bayansa da takardu a hannu.

"Me nake ji haka?"

"Ranka ya daɗe, zo ka gani da idonka."

Bai matso ba. "Ba asibiti na zo ba. Mutumin nan na jira. Ki yi aikinki."

"Aikina gyara ne. In na shafa, kafin azahar fatar za ta biyo mataji."

"Goggo, kujerar nan taki ba gado ba ce."

Goggo tana da marayu uku a gida, 'ya'yan ƙaninta, kuma Darakta ya san da su. Ta dafa bayan kujera.

"Ga gwangwani, ga kai," ta ce. "Wanda zai iya, bismillah."

Ba wanda ya motsa. Darakta ya dubi agogo, ya ce za su yi magana bayan shiri, ya fita. Saura minti arba'in.

Goggo ba ta yi wa Auta wa'azi ba. Ta juyo da kujerar suka fuskanci juna. "Hula ba za ta hau ciwon nan ba. Ko in ɗaura miki ɗankwali, ba wanda zai san komai, ko in gyara miki shi yadda Allah ya yi shi. Kanki ne, ke za ki zaɓa."

Auta ta daɗe tana kallon madubi. Ta ce tun tana firamare ake kiran kanta soson wanki. Ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin mace a talabijin da gashi irin nata ba, ko a tallan sabulu.

"To, ai shi ke nan," in ji Goggo. "Kowa jira take wata ta fara."

Saura minti ashirin da biyar Auta ta ce, "Gyara."

Ruwan ɗumi, man kaɗanya, da yatsu. Goggo ta bi gashin kashi kashi tana warware shi, tana kauce wa ciwon, ta zagaye gefen da siririn ƙyalle mai taushi. Gashin ya tashi, ya zauna zagaye da fuskar. Aka kira sau biyu daga situdiyo. A kira na uku Auta ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Goggo ta sa tafin hannu a tsakiyar bayanta, ta ɗan tura.

Ta kalli shirin a ƙaramar talabijin ta ɗakinta, a tsaye. Wakilin kamfani ya fice kafin a yi minti goma. Da aka buɗe wayar masu kallo, na farko namiji ne, yana dariya: "Malama, yau makara kika yi ba ki taje kai ba?"

Goggo ta runtse ido.

"An taje," in ji Auta. "Haka yake fitowa. Sai mai kira na gaba."

Ta gaba uwa ce. Ta ce 'yarta mai shekara takwas ta taɓa sa almakashi ta datse gashinta don ba ya kwanciya kamar na matan talla, yanzu ga ta nan ta hana a canza tasha, tana tambaya wa ya yi wa antin nan gyara. Auta ta ce, "Goggonmu ce." Wannan ne kaɗai karon da aka ambace ta a talabijin.

Abin bai wuce salin-alin ba. Kamfanin ya janye, aka rage shirin zuwa rabin awa. Aka dakatar da Goggo wata biyu, da ta dawo aka tura ta ɗakin ajiyar tufafi. Sai masu karanta labarai suka riƙa bin ta can, suna zama a kan akwati tana gyara musu kai, har abin ya zama abin kunya aka maido ta ɗakinta. Darakta ya shekara bai amsa gaisuwarta ba. Ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya.

Goggo, ke ce kika san tsoro kika kuma tsaya. Ke ce ba ki zaɓa wa yarinyar nan ba, kika bar mata kanta, sannan kika tsaya a bayanta. Yau mata huɗu ke fitowa a tashar da gashinsu a nannaɗe, wasu kuma na sa hula don suna so, ba don an tilasta su ba, kuma duka kina gyara musu da fara'a ɗaya. Uwar kawuna, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya raya miki marayunki.

Mu kuma da muka rage, ba sai muna da kujera a gidan talabijin ba. Gobe da safe wata yarinya za ta zauna tsakanin gwiwoyin uwarta ko yayarta, gashi ya cije, mataji ya ƙi shiga, ana saurin makaranta. A sassauta hannu, a kuma kula da abin da baki zai faɗa. Zafin mataji kafin ta kai aji ta manta shi. Sunan da aka kira kanta da shi, da shi za ta girma.