Shaddar da Na Kasa Yankawa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron tona asirin mamaci. Amma yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sabo, kuma abin da ya cinye shi ya sake shigowa shagona a Soron Ɗinki.

Lokacin da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, Yaya siriri ne. Ya nemi kansila, abokansa suka ce, "Malam Sabo, wa zai zaɓi wanda bai ma iya ciyar da kansa ba?" Sai ya fara shan wasu ƙwayoyin sa ƙiba da ake ƙullawa a leda, ba suna ba takarda, yana bin su da balangu da lemon kwalba. Ni nake masa ɗinki, don haka na riga kowa sani. Duk sallah sai na ƙara awo. 'Yan unguwa suna ta cewa, "Alhaji, ka murje, an ga alamar hutu!" Ni kuwa ina ganin ƙafarsa a kumbure, yana haki tsakanin gida da masallaci, har ya koma salla a kan kujera. Na ce ni ƙani ne, na yi shiru, na ci gaba da buɗa riga. Ciwon suga da hawan jini suka ƙarasa shi.

Lungunmu mota ba ta shiga, dole aka ɗauki makara a kafaɗa har titi. Da kunnena na ji ɗaya daga cikin masu yabon nan yana raɗa, "Kai, a zo a karɓe ni, kafaɗata ta mutu." Wani ya danne dariya.

Makon jiya ɗansa Nura, wanda shi ma ya shiga siyasa, ya kawo mini shadda. Na auna shi, sai ya ce, "Baffa, ka sake ta sosai, kafin zaɓe zan cike ta." Da ya ciro waya, ƙullin leda ya faɗo daga aljihunsa. Na gane ƙwayoyin.

Da Yaya zai ga haka, anya ba zai kifa masa mari ba? Mutum ne mai zumunci, amma ba wanda ya gaji wannan, sai ledar.

Na ɓoye ƙullin, shaddar kuma tana nan ban sa mata almakashi ba. Na yi wa Nura magana, ya ce ni ba likita ba ne. Gaskiyarsa. Don Allah, duk mai karatun da ya san abin da ke cikin ƙwayoyin nan da ɓarnar da suke yi, ya rubuto wa wannan shafi dalla-dalla, in kai masa. Ranar Juma'a zai zo karɓar rigarsa.