Albasata ta kwanta a bakin kogi

Idi mai gyara ya ɗaure kusa ta ƙarshe, ya danna makunni. Famfon garkata mai aiki da hasken rana ko tari bai yi ba. Wata 'yar jar fitila ce kawai take ƙifta mana.

Na ce, "Idi, ba ka ce ka gyara ba?"

"Baba, na canza abin da ya ƙone. Amma da an buɗe akwatin nan sai ya kulle kansa. Lambar buɗewa tana hannun wakilin kamfanin a Kwatano."

"To karya kullen mana! Ni na saye shi."

"Ƙarfen kuka saya, Baba. Ƙwaƙwalwar da ke ciki tasu ce, doka ta ba su. In na taɓa, ni zan kwana ciki."

Doka. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a Yamai ina karanta ta, ina zaton don irinmu aka yi ta.

Wakilin, da ke can ƙetaren kogi, ya ce zai zo idan an buɗe gadar iyaka. Albasa kuwa ba ruwanta da gada. Yau da guga na yi ban ruwa har bayana ya ƙage. Kaɗan na ceto, sauran sun kwanta, ga kogi muna kallon juna.

Ku gaya mini, jama'a: abin da ba ka da ikon gyarawa, naka ne?