Malam Habila Da San Kirsimeti

Shekara talatin da ɗaya, kafin a kai wuƙa wuyan saniya a mahautar garinmu, Malam Habila ya riga ya jingine kekensa a gindin durumi. Zai sunkuyar da kai ya yi addu'arsa irin ta Kirista, sannan ya zura farar riga. Shi ne malamin duba nama. Sai ya tsaga huhu da hanta ya gani, ya buga hatimi, sannan tsoka ta fita kasuwa.

Ni mahauci ne tun ana kora shanu Kudu da ƙafa. Ban taɓa shiga aji ba, amma kaf Birnin Kudu babu mai fiɗa irin tawa. Bijimi ya soke ni sau biyu, na ga yunwa, na ga annoba, tsararrakina duk na raka su makwanci. Mutum ɗaya ne ya taɓa tanƙwara ni, wannan ɗan siririn.

Wata ranar jajibirin Sallah ya kama mini saniya, wai huhunta da tarin fuka. Na lallashe shi, na yi masa tayin cinya, na koma zagi. Ya ce, "Baba Munzali, yaran da za su ci naman nan ba su san ni ba. Amma ranar da zan tsaya gaban Almasihu, ɗaya bayan ɗaya zai tambaye ni su." Aka binne ta. Shekara uku ban amsa gaisuwarsa ba, ina yawo da shi cewa don ta Musulmi ce.

Sai wata Kirsimeti 'yan cocinsu suka haɗu suka sayo sa daga Fagam. Kamar yadda suka saba, mu suka kawo wa yanka, don maƙwabta Musulmi su ci rabonsu. Ni na feɗe shi. Na ga ƙuraje a huhun, na koma gefe ina jira in ga iyakar tsoron Allahn nasa. Habila ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a haƙa rami. Dattawansu suka roƙe shi, suka ce mata sun riga sun ɗora tukwane. Ya ce Alƙalin da yake jiransa bai san wannan na coci ne, wancan na Munzali ba.

Da la'asar na saɓa cinyar saniya na kai gidansa da kaina. Sai da ya zaro wuƙa ya duba ta, sannan ya karɓa.

Habila, yau ka yi ritaya, ka ajiye hatimi. Kai ne ka tsare tukwanen garin nan, masu ci ba su ma san sunanka ba. Na gode, kuma ka yafe mini shekaru ukun nan. Ku da kuka gaji hatimin, ku riƙe shi yadda ya riƙe. Ni ban saba cire wa kowa hula ba, amma wannan na cire masa.