Kofi Biyu a Rana

Shekarar da ƙodar Inna ta tsaya, a ƙarshen shekarun casa'in, muna zaune a unguwar Ƙurban a Madina, ni kuma ina aiki a wani kantin magani a titin Sultana. Kafin azahar nakan faɗa wa mutum ashirin yadda za su sha magani, kowa ya ce to. Mahaifiyata kaɗai ce ba ta taɓa ce min to ba.

Na yi mata bayani iya yina. Na ce ƙoda kamar rariya take, tana tace jini, ta kwashe datti da ruwan da ya yi yawa ta tura mafitsara, mutum ya fitsarar. Nata duka biyun sun daina. Abin da ta sha yana nan a jiki, ya kumbura ƙafa, ya hau huhu, sai ranar da na'urar asibiti ta wanke jinin. Shi ya sa likita ya ce ruwa kofi biyu a rana, dabino kuwa ko ɗaya, don akwai wani gishiri a cikinsa da in ya taru yakan tsayar da zuciya.

Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai ɗan nan, a Madinar za ka hana ni dabino?"

Masu dubiya suka ƙara min aiki. Kowace ta shigo da ledar dabinon ajwa da jarkar zamzam, ni ne mugun da ke tsaye bakin ƙofa yana karɓewa. Wata tsohuwar ƙawarta ta ce, "Haram alaik, ya waladi, haba ɗana! Zamzam ai ba moya ba ce irin sauran ruwa, shifa ce, waraka ce." Ban musa mata ba. Amma ni na ga Inna tana haki a zaune, ta kasa kwanciya. Na je a ɗauki tawa ƙodar a sa mata, aka gwada, jininmu bai dace ba. Duk karatun nan nawa, abin da na iya kawai shi ne hana uwata ruwa a tsakiyar zafin Madina.

Wata rana ina canza mata rigar matashi, ƙwallayen dabino biyar suka zubo. Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya a kan wadda ta haife ni, na ce so take ta kashe kanta ta bar ni da abin faɗa. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Ta bari na gama, leɓenta duk ya tsage, sannan ta ce, "Ban ci ba. Waɗanda baƙi suka ci suka bari a faranti ne. Tsotsa nake yi, yana kawo yawu."

Na tsince su ɗaya ɗaya daga kan tabarma, na kai famfo na wanke, na dawo na zuba mata a tafin hannu.