Rabon Masu Jan Ciki

Jiya na tsinci ƙoƙon bayan kififiya a fadamarmu ta Tabanni, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. Shi ba ya nome bakin ruwa, yakan ce rabon masu jan ciki ne. Wata rana muna tsugune cikin laka mai sanyi, mesa ta ratsa gabanmu. Ya riƙe hannuna: "Bar ta, ita ke mana maganin ɓeraye."

Kabarinsa bai bushe ba baffannina suka yi feshin maganin ciyawa, suka nome har cikin ruwa. Da na yi magana, babbansu ya ce, "Yaro, mesa za ka ci?" Yau ba mesa, ba guza, ɓeraye ke girbe shinkafarmu.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya ba ka inuwar da suka hana bayinsa masu jan ciki.