Ranar da Na Kori Autata Daga Zaman Makoki

Maigidana ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai a gonarmu ta Tsibiri. Har yau idan na ambace shi sai na yi kuka, kuma ba na ɓoyewa. Ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, faɗa nake ana rubuta mini.

Lokacin autarmu ba ta daɗe da samun aiki a jami'a ba, can cikin Maradi, a wurin da ake gwada irin shuka. Ɗaukar gwaji suka yi mata. Yadda ta bayyana mana, za su yi watanni suna duba zuwanta da tashinta da aikin hannunta, sannan su ce ta zauna ko ta tafi. Ubanta ya fi kowa ɗaukar abin da zafi. Yana kwance ba lafiya, amma idan ta zo dubiya ranar aiki sai ya juya mata baya.

Da ya cika, manyanta sun ba ta hutun rasuwa, har suka zo mana gaisuwa. Ba su yi mana laifin komai ba. Sai dai hutun ya ƙare bayan sadakar uku, ga shukar da aka damƙa mata tana can tana jiranta, kuma da ita za a auna ta.

Yayar maigidana ta zo daga Jiratawa da tabarmarta. Ta ce a gidansu 'ya mace ba ta barin uwarta cikin takaba sai an yi sadakar arba'in. Ita ke girki, ita ke tarbar masu gaisuwa, ita ke kwana a bayan uwar. Gaskiya ta faɗa, haka na yi wa tawa uwar. Yarinyar ba ta yi musu ba. Ina kallo ta fiddo farar rigarta ta aiki daga jaka, ta ninke, ta tura ƙarƙashin gado.

Na kira ta a gaban matan da suka cika tsakar gida, na ce ta ɗauko rigar ta kama hanya.

"Inna, wa zai zauna da ke?"

"Baƙin cikina. Ya ishe ni hira."

Yaya ta tambaye ni ko jami'a ce ta haifi yarinyar. Na ce mata, "Yaya, ƙanenki ya haife ta, shi ya yi ta kai ta lakwal a bayan keke. Mijina ne ya mutu, takabar tawa ce, ba zan raba wa yarinya ba."

Ta naɗe tabarmarta. Kafin la'asar 'yan Jiratawa duk sun bi ta. Autar ta hau kabu-kabu tana kuka, ni kuma ba halin in raka ta ko ƙofar gida.

Na sha wuya, ba zan yi ƙarya ba. Ni ke hura wuta, ni ke tuƙa tuwon baƙi, hawaye na zuba. Mata suka yi ta yawo da zancen cewa 'yata ta fifita biro, wato wurin aikinta, a kan ubanta. Wadda ta kawo mini maganar, na ce ta koma ta gyara: ni na kore ta. Autar kuwa tana kwana wurin wata 'yar'uwa a unguwar Zariya, sai ƙarshen mako take zuwa ta wanke mini kaya.

Bayan an kai gero rumbu manyanta suka tabbatar da ita a aikin. Da ta zo ta faɗa mini, na yi kuka fiye da ranar jana'iza, domin wanda ya kamata ya ji ba ya nan.

Yaya ba ta sake tako gidana ba. Ina kewarta, don ita kaɗai ke da dariyar ƙanenta. Amma haƙuri, ba zan ba ta ba.