Lawali da Curin Laka

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Lawali, kuma har yau ban huce ba. Mutuwa ta Allah ce, ba ni da ja. Abin da ke cina shi ne yadda aka sallame shi daga duniya da sunan wanda ya faɗi jarrabawa.

Yana shekarar ƙarshe a jami'a, kwas ɗaya ya rage masa, na nazarin halittun tafki da gulbi. Tun ranar farko malamin ya gindaya sharaɗi: rabin maki na jarrabawa ne, rabi na aikin hutu. Kowa ya koma garinsu, ya ɗebo ruwan tafki a kwalba tare da abin da ke rayuwa a ciki. Wanda bai kawo ruwa ba kada ma ya wahalar da kansa.

A ranar da aka tsara sharaɗin, ina jin ba wanda ya leƙa sama. Shekarar fari ce. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, tafkin da muka yi wanka muna yara a Turba ya tsage kamar ƙasan tsohuwar tukunya. Lawali ya hau kabu-kabu har Bafarawa, ya zaga ta Unguwar Lalle, ko'ina labarin ɗaya ne. Abokansa ba su sha wannan wahala ba. Sun cika kwalabe a rijiya, suka jefa 'yan ƙananan kifaye na kasuwa.

Inna ta ce masa, "Kai ma ɗebi na rijiya mana, wa za ya sani?"

Ya ce, "Inna, in nik kai na rijiya, na shaida tabkinmu na nan da rai ke nan. Za ni kai abin da nig gani."

Taurin kai gare shi tun yana ƙarami. Ya bi masu haƙar gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ya yi ta barci har damina ta dawo. Su dai fasa ƙasar suke yi su kai kifin gida a yi miya. Shi kuwa ya yanko curin lakar ɗungurungum da gaiwar a ciki, ya naɗe a buhu, ya rungume shi a mota har makaranta. A ganinsa wannan ne tafkin garinmu a waccan shekara.

Malamin bai ko fasa curin ba. Ya ce ruwa ya ce a kawo, ba ƙasa ba. Masu ruwan rijiya suka wuce, aka ce Lawali ya dawo baɗi. Kafin baɗin, da bazara, amai da gudawa suka shigo gari saboda gurɓataccen ruwan da ya rage mana, suka tafi da shi.

Bana ma ga fari ya dawo. Ina jin masana a rediyo suna ta bayanin sauyin yanayi da ƙafewar tafkuna, sai in ce ko me Lawali zai ce? Na san ba zai yi gori ba, dariyarsa zai yi ya tashi ya tafi duba tafki. Ni ne mai riƙo, ba shi ba.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Ya bar mana shaidar cewa bai iya ƙarya ba, kuma wannan ba ƙaramin gado ba ne. Amma Inna so take ta ji an ce ɗanta ya gama. Bayan sadakar arba'in ta tura ni jami'ar in roƙa a sake duba aikinsa. Ma'aikacin da na tarar ya yi mini ta'aziyya sosai, har da addu'a. Sannan ya ce ƙa'ida ita ce ɗalibin ya zo da kansa.

Allah ya jiƙan ka, Lawali. Inna ta tsufa, har yanzu ce mata nake ana dubawa.